Kaji Na Mutuwa, Magana Na Yawo: Wacce Ce Gaskiya?

Da hunturu ya kama, kaji kan fara zubewa a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Runji, ji-ta-ji-ta kuma ta tashi a kasuwa da bakin masallaci. Ba duka ce ƙarya ba, abin da ya sa take da wuyar kashewa ke nan.

Masu cewa ai ciwon kaji ne da aka saba gani kowace shekara, suna da hujja. Galibi ciwon Newcastle ne, yana share akurki amma ba ya kashe mutum. Sai dai ido ba ya raba shi da murar tsuntsaye: kaza ta yi zugum, fukafukai a ƙasa, kai ya kumbura, da safe a tsinci gawa. Gwaji ne kawai ke bambancewa.

Batun cewa murar tsuntsaye ciwon Turai ne da Asiya kuwa, ba shi da tushe. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya, jihar Damagaram, daga bisani ta shigo yankin Madarunfa, nan cikin jihar Maraɗi. Kwandon kaji da zabi da ke tsallaka iyakar Katsina a bayan babur ba ya tsayawa nuna takarda. A Janairun 2007 ciwon ya kashe wata matashiya a Legas.

To, a daina cin kaza ke nan? A'a. Naman da ya dahu sosai, zafi ya kai digiri 70 har cikin tsoka, da ƙwan da gwaiduwarsa ta daskare, ba sa ɗauke da ciwon. Hatsarin yana gabanin tukunya. Uwar gida ta ga kaza na layi, ta ce wa yaro maza a yanka kada ta yi mushe. Shi zai riƙe, shi zai fige, jini da kashi a hannu, ya goge majina. Wani kuma ya kwashi sauran ya kai kasuwa da rahusa. Ba a ga laifinsu sosai ba, kazar mace ita ce asusunta na ranar biki da ranar ciwo. Amma ta nan ƙwayar ke samun hanya. Mushen kaza a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Gaskiya ne ciwon bai cika tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Abin da likitoci ke tsoro shi ne ƙwayar ta sauya ta iya. Murar 1918, wadda tsofaffinmu suka kira marisuwa, ta ci mutum kusan miliyan 50 a duniya, ta 2009 kuma ta game duniya cikin 'yan watanni. Shi ya sa cibiyar CERMES da ke Yamai take gwada samfurin masu mura da ake aiko mata.

Saura maganar cewa kafso na mai tallar magani a tire yana maganin ciwon. Amoksisilin da 'yan uwansa ba sa taɓa ƙwayar mura. Allurar rigakafin sabuwar mura kuma takan ɗauki wajen wata shida kafin a haɗa ta. Wanda zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka kama bayan ya taɓa kaji marasa lafiya, ya tafi likita a ranar, ya kuma faɗa musu zancen kajin.