Merlin: Injin da Ya Ɗaga Jiragen Yaƙin Birtaniya

Merlin injin jirgin sama ne mai fistin wanda kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya ƙera, aka fara tayar da shi a 1933. Sunan wani ƙaramin shaho aka sa masa, bisa al'adar kamfanin ta laƙaba wa injinansa sunayen tsuntsaye mafarauta.

Silinda 12 gare shi, shida ta kowane gefe, a jere kamar harafin V, girmansu duka lita 27. Idan fetur da iska suka ƙone a cikin silinda, sai su tura fistin, fistin ya juya sandar injin, ita kuma ta juya farfela ta hanyar giya mai rage gudu. Da ruwa ake sanyaya shi, ta lagireto, kamar injin mota. Wannan ya sa hancin jirgin ya zama siriri, amma harsashi ɗaya a lagireto ya isa ya kassara shi.

Sirrin ƙarfinsa yana ga na'urar da ke matsa iska cikin silinda, wadda ke aiki irin na zugazugin maƙeri. Can sama iska ba ta da kauri, wuta ba ta ci sosai sai da zuga. Injiniya Stanley Hooker ya inganta wannan na'ura, har ƙarfin injin ya tashi daga na doki kusan 1,000 zuwa sama da 1,600.

Farkonsa yana da aibi: da zarar matuƙi ya kifa hancin jirgi ƙasa da sauri, kafireta sai ta rikice, injin ya yi tari. A 1941 injiniya Beatrice Shilling ta rage matsalar da ɗan ƙarfe mai huda da ke daidaita kwararar fetur.

Merlin ne a jikin jiragen Hurricane da Spitfire da suka kare Birtaniya a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Mosquito na ɗaukar biyu, Lancaster huɗu. Kamfanin Packard ya ƙera shi a Amurka, aka sa wa jirgin Mustang.

Kano ma ta ji rurinsa. Daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen Hurricane a Takoradi, a Ghana ta yau, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum zuwa fagen daga a Masar.

Bayan yaƙi, injin jet ya karɓe fagen. Merlin ya ɗan yi aiki a jiragen fasinja, jirage kaɗan masu ɗauke da shi kuma suna tashi har yau a bukukuwan nunin tsofaffin jirage.