Tarwada, ramboshi da haibirid ba kifi ɗaya ba ne

Jiya wani ya turo min hoton 'ya'yan kifin da ya saya da tsada, wai haibirid ne. Ina dubawa na ga tarwada ce zalla. Ni ma an taɓa yi min haka a zubina na biyu, shi ya sa na ce bari in yi bayani.

A bakin masu sayarwa, duk kifi mai gashin baki marar ɓawo "katfish" ne. Amma wanda muke zubawa a fond iri uku ne, kuma a gadon baya ake gane su.

Tarwada, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, fiffiken bayanta guda ɗaya ne dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, bai yanke ba. Ita ce ta cika kasuwa. Tana balaga da wuri, cikin shekara ɗaya ma za ka iya samun mai ƙwai, don haka masu ƙyanƙyasa suka fi son ta.

Ramboshi kuwa, wato Heterobranchus, bayansa kashi biyu ne. Na gaba mai ƙaya, na baya kuma tsoka ce mai taushi, ba ƙaya ko ɗaya, har zuwa wutsiya. Ya fi tarwada girma idan aka ba shi lokaci, amma yana jinkirin balaga, irinsa kuma ya fi wuyar samu.

Haibirid shi ne idan aka haɗa biyun, galibi ƙwan tarwada da maniyyin ramboshi. Shi ma yana da wannan tsokar a baya, sai dai gajeriya ce, ba ta kai ta uban ba. To nan ne ake cin kuɗin mutane, domin a ƙaramin fingalin da kyar ido ke ganinta. Ni yanzu sai na ɗebo guda 10 na sa a farin roba da ruwa kaɗan, na haska fitilar waya na kalli bayansu ɗaya bayan ɗaya. In mai gona ya hana ka yin haka, kama hanyarka.

A ganina, mai son ya kwashe a wata 4 zuwa 5 ya sayar wa masu banda ko masu gashi, tarwada mai kyau ta ishe shi. Haibirid na wanda zai iya ciyarwa ne har kifi ya wuce kilo 1 sosai. Kuma kar ka ajiye shi a matsayin iyaye, ƙwansa ba abin dogaro ba ne.

Dukkansu dai suna cin junansu. Wanda ya fi girma zai haɗiye ƙarami, musamman in abinci ya yi jinkiri. A watanni biyun farko ka riƙa ware manyan duk bayan sati 2, da sassafe kafin ka ba su abinci.