Wa Aka Tambaya? Rigimar Sunaye da Tambarin Makarantu daga Kano zuwa Duwala

Jami'a ɗaya ce a birnin Kano, amma cikin shekara goma sha biyu sau uku ana raɗa mata suna. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa ta a 2012 da sunan Northwest. Da Allah ya yi wa Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, rasuwa ranar 3 ga Yuli, 2017, sai gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa mata sunansa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar mata da sunanta na fari, daga baya kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗora sunan Ɗanmasani a kan Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kano.

Babu Bakanon da zai yi jayayya a kan cancantar Ɗanmasani. Dattijo ne mai fasahar magana, tsohon minista, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin dubawa shi ne hanyar da aka bi. Dukan sauye-sauyen nan daga gidan gwamnati da zauren majalisa suka fito, kuma kowanne ya zo ne a hannun gwamnati daban. Sakamakonsa, sai ka sami wa da ƙane sun zauna a aji ɗaya, malami ɗaya ya koyar da su, amma takardar shaidar kowannensu da sunan da ke kanta. Kowane sauyi kuma kuɗi ne: allon bakin ƙofa, hatimi, takardun ofis, rubutun jikin motoci. Abin da gwamnati ta sa da alƙalami, wata gwamnatin da alƙalami take cire shi, domin ba a dasa shi a zukatan masu makarantar ba.

Ba Kano kaɗai ba ce. Ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, aka rufe jami'ar, magana ta kai kotu, kuma har yau sunanta Jami'ar Legas. A watan Yulin 2025, kwana huɗu bayan rasuwar Muhammadu Buhari, Shugaba Bola Tinubu ya ce an sa wa Jami'ar Maiduguri sunansa. Ƙungiyar malaman jami'ar ta ce ba ta yarda ba, tsofaffin ɗalibai suka shiga tattara sa hannu. Da yawa daga cikinsu ba su da ƙiyayya da marigayin. Kukansu shi ne jami'ar da aka kafa tun 1975, wadda ta ci gaba da karatu a tsakiyar masifar Boko Haram, an sauya mata suna ba a ko ce musu kanzil ba.

Mai karatu a unguwar New Bell ko Cité des Palmiers da ke birnin Duwala na Kamaru zai iya cewa wannan rigimar manya ce, ta can Najeriya. To ya leƙa layin teloli a Kasuwar Kongo a ƙarshen watan Agusta, lokacin da ake shirin komawa makaranta. Uwa tana tsaye da yaro a gefenta, ta miƙa wa tela yadi da ɗan bajon da ta saya a makaranta. Tela zai daidaita shi a kan aljihun ƙirji, ya bi gefensa da keke, a makarantu da yawa har a ɗinka sunan yaron a kusa da shi. Daga ranar, wata tara cur, yaron nan zai riƙa ratsa unguwa da wannan alamar a ƙirjinsa. Da ita ɗan acaɓa zai gane makarantarsu, da ita za a yi masa kirari ko a tsokane shi a filin ƙwallo. Iyaye kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka duba abin da aka zana a jiki, balle su tambayi wanda ya zaɓe shi. Hausawa sun ce suna linzami. Abin da yaro zai ɗauka a ƙirji shekara bakwai na sakandare ya cancanci a san asalinsa.

Birnin Duwala kuwa ya san zafin irin wannan magana fiye da garuruwa da yawa. New Bell kanta daga ƙwace aka haife ta. Jamusawa ne suka tashi 'yan ƙabilar Duwala daga tudun Joss da ke bakin kogin Wuri don su keɓe wa Turawa wurin, suka tura su baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, ciki har da fataken Hausawa da suka kafa unguwarsu da masallatansu. A garin da tarihinsa ya zo haka, tambayar wa za a karrama a bainar jama'a ba ta taɓa zama ƙarama ba.

A unguwar Bonanjo da ke Duwala akwai mutum-mutumin Janar Leclerc, hafsan Faransa da ya sauka Duwala a watan Agustan 1940 ya jawo Kamaru ɓangaren Janar de Gaulle. Wani ɗan gwagwarmaya, André Blaise Essama, ya sha sare kan mutum-mutumin, ya kuma sha ɗauri a gidan yarin New Bell saboda haka. Hujjarsa ita ce filayen Kamaru na gwarazan Kamaru ne. Amma a Yawunde, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun sakandaren ƙasar har yau sunanta Lycée Général Leclerc, kuma dubban waɗanda suka yi karatu a cikinta idan sun ji sunan, ajinsu da malamansu suke tunawa, ba hafsan soja ba. Duka ɓangarorin biyu da gaske suke, kuma duk wanda zai yanke hukunci a kan irin wannan suna sai ya saurari kowannensu.

Abin da ya faru a unguwar Njo-Njo ta Duwala a watan Mayun 2018 ya fi wannan koyar da darasi. Hukumar birnin Duwala ta fara gina wurin tunawa da Ruben Um Nyobè, jagoran jam'iyyar UPC da sojojin Faransa suka kashe ranar 13 ga Satumba, 1958. Mutum ne da ɗimbin 'yan Kamaru ke ɗauka uban fafutukar 'yanci. Duk da haka sarakunan gargajiya na yankin Bell suka fito da rana tsaka suka rushe aikin. Ƙorafin da suka bayyana shi ne an zo ƙasarsu za a kafa abu ba a shawarce su ba. Mutane da yawa sun yi tir da abin da suka yi, suna ganin akwai ƙabilanci a ciki. Ko ma mene ne, an ga cewa nagartar wanda ake son karramawa ba ta hana rigima idan an tsallake masu wuri.

A Amurka ne wannan matsala ta fi shahara. Can kusan kowace makarantar sakandare tana da laƙabi da wata halitta da ke wakiltar ƙungiyar wasanninta, har ɗalibi kan sa kayan da aka ɗinka da siffarta ya yi rawa a bakin fili. Makarantu da yawa sun ɗauki siffar 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar suka ƙwace wa ƙasa: hular gashin tsuntsu, fenti a fuska, ihun yaƙi. Jikokin waɗannan ƙabilu sun daɗe suna cewa an mai da su abin wasa. A 2005 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi kira a daina, tana mai cewa abin yana rage wa yaran ƙabilun ganin ƙimar kansu.

Garin Killingly a jihar Connecticut ya nuna yadda ake ɓata irin wannan aiki. Can mutanen gari ne ke zaɓen hukumar da ke kula da makarantu. Laƙabin makarantar garin shi ne Redmen, wato jajayen mutane. A 2019, bayan ƙabilar Nipmuc ta ce sunan cin fuska ne, hukumar ta ajiye shi, ɗalibai suka zaɓi sunan wani shaho. Tsofaffin ɗalibai da yawa suka ji an raba su da ƙuruciyarsu. A zaɓen watan Nuwamba suka kawo sababbin 'yan hukuma da suka yi alkawarin dawo da tsohon suna. A watan Disamba ƙungiyar ƙwallon makarantar ta buga wasan ƙarshe na jiha ba ta da laƙabi ko ɗaya, saboda manya sun kasa daidaitawa. A Janairun 2020 aka dawo da Redmen da ƙuri'a 5 da 4. A 2021 jihar ta yi dokar hana wani tallafi ga garuruwan da suka riƙe irin waɗannan sunaye ba da yardar ƙabilun ba, Killingly ta rasa kuɗin. A 2024 hukumar ta sake ajiye sunan. Shekara biyar ana kai gwauro ana kai mari, yara suna kallo.

Jami'ar Jihar Florida ta bi wata hanyar. Tana amfani da sunan ƙabilar Seminole, amma ta je ta zauna da shugabanninta, kuma a 2005 majalisar ƙabilar ta ba da amincewarta a rubuce. Shi ya sa da hukumar wasannin jami'o'i ta tsaurara doka a wannan shekarar, aka bar mata sunanta. Waɗanda sunan nasu ne aka tambaya, suka amsa.

Akwai kuma sunayen da ba sa jawo faɗa tun farko. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ta koma Kaduna, ta koma Zariya, suna yana bin ta yana sauyawa, har a 1971 ta zama Barewa. Fiye da shekara hamsin ke nan sunan yana zaune daram. Haka St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena, sunan dutsen da ke kusa da ita, St. John's ta Kaduna ta zama Rimi. Dutse da itace da dabbar daji ba na jam'iyya ba ne, ba na ƙabila ba ne. Sai dai majami'un da gwamnati ta karɓe wa waɗannan makarantu a shekarun 1970 har yanzu suna kokawa a kan karɓewar, alamar cewa suna mai daɗi ba ya goge ciwon rashin shawara. A Duwala ma galibin makarantun gwamnati sunan unguwa suke ɗauka, kamar na New Bell, na Akwa da na Cité des Palmiers, kuma wannan hikima ce, domin unguwa ta kowa ce.

Ko dabbar ma sai an yi hattara. Zaki ya haɗa kan Kamaru gaba ɗaya a filin ƙwallo. Mujiya kuwa a Turai alamar ilimi ce, ana zana ta a littattafan yara, amma a wurin Bahaushe da maƙwabtansa da yawa tsuntsuwar mayu ce. Mai makarantar kuɗi da ya ɗauko hotonta daga intanet ya liƙa a bajo ba zai san abin da ya sa wasu iyaye suka ja baya ba. Haka gicciye ko jinjirin wata a rigar makarantar da ke karɓar 'ya'yan kowa. Makarantar majami'a ko ta Islamiyya tana da haƙƙin nuna addininta, kuma uba ya san inda ya kai ɗansa. Ta gwamnati kuwa ta Musulmi ce da Kirista baki ɗaya.

Dokar Kamaru ta riga ta buɗe ƙofar shawara. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu, 1998, ta sa iyaye cikin waɗanda ke da hannu a tafiyar da makaranta. Wata doka ta 19 ga Fabrairu, 2001, ta kafa majalisa a kowace makarantar gwamnati, inda malamai, iyaye, ɗalibai da wakilan gari ke zama su amince da kasafin kuɗi da dokokin cikin gida. Ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, wadda kowane uba ya san ta ta wajen kuɗin da yake biya duk shekara.

A nan ne laifinmu, mu iyaye, yake. Ana kiran taron iyaye ranar Asabar, ranar da kasuwa ke ci. Mai shago ba ya son rufe shago, sai ya tura babban ɗansa, ko kuma babu wanda zai je. Wanda ya je yakan zauna a bencin baya, ana ta zuba Faransanci, ya jira a faɗi adadin kuɗi ya tashi. Uwar da ta fi kowa sanin abin da yaron ke dawowa da shi gida ba ta ma ji labarin taron ba. Bayan wata biyu sai a ji gunaguni a ƙofar masallaci cewa an yi abu ba a gaya mana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya buɗe baki mai gyara zai sani.

Majalisar makarantar da ƙorafi ya zo mata a kan suna, tambari ko kayan makaranta, abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta nemi waɗanda abin ya taɓa, ta ji daga bakinsu, domin yawan ƙuri'a ba ya halatta a wulaƙanta tsiraru. Ta kira taro a lokacin da 'yan kasuwa za su samu zuwa, da tafinta na Hausa, Fulatanci da Pidgin, a kuma aika wa mata. Ta saurari tsofaffin ɗalibai da mutunci, don ƙaunar makarantar ce ke sa su magana. Ta ba yara damar zaɓe, ta kuma tsaya a kan abin da suka zaɓa. Ta faɗi ko nawa sauyin zai ci da wanda zai biya, a kuma bar tsofaffin riguna su ƙare kafin a tilasta sababbi. Sannan a rubuta hukunci da dalilansa, yadda shugaban makarantar da zai zo gobe ba zai rushe shi da safiya ɗaya ba.

Mu kuma iyayen New Bell da Cité des Palmiers, sarakunan unguwa da limamai su taimaka a riƙa sanar da ranar taro bayan sallar Juma'a. Mu tsayar da namu a shugabancin APEE, maza da mata, waɗanda za su iya magana su kuma dawo mana da bayani. Kujerar da doka ta ajiye mana in mun bar ta wani ne zai zauna, kuma abin da ya zaɓa shi 'ya'yanmu za su sa.