Idan baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara

Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Kubwa kowace safiya ya san yadda mota ke daɗewa cikin cunkoso kafin ta isa Sakatariyar Tarayya. A irin wannan tsayuwa ce inji ke yin zafi fiye da kima, musamman idan fanka ta mutu ko lagireto ya toshe. Zafin kan ƙona gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, daga nan ruwan lagireto ya sami hanyar gauraya da baƙin mai.

Alamomin ba sa ɓuya: ruwa na raguwa alhali ba ya ɗiga a ƙasa, salansa na fitar da farin hayaƙi, sandar gwada mai kuma ta fito da kalar shayi mai madara. Man da ya sha ruwa ba ya iya kare ƙarafan inji daga gogayya, don haka ci gaba da tuƙi na iya sa injin ya buga. Abin da ya fi shi ne a kashe motar, a ja ta zuwa gareji.

Ƙwararren makanike, a Apo ko a wani wuri, ba ya gaggawar kwance inji. Yakan fara gwada matsin lagireto da na kowace silinda, domin wani lokaci na'urar sanyaya mai ce ta fashe, gyaranta kuwa ya fi sauƙi. Idan gasket ne, sai a duba ko kan silinda ya lanƙwashe ko ya tsage, a goge shi, a sa sabon gasket, a sauya mai da filta. Idan ba a gyara abin da ya jawo zafin ba, matsalar za ta dawo.