Ƙarin Fitila a Motar Daji: Inda Gobara Ke Ɓuya

Fitilar da kamfani ke sa wa mota an auna ta ne da kwalta, inda hanya take a miƙe kuma akwai mai tahowa da ba a so a kashe wa ido. Da an sauka kan burji, ko an shiga rairayi irin na tsakanin Agadas da Dirku, sai iyakarta ta bayyana: rami ba ya nuna kansa sai an zo bakinsa, saniyar da ke kwance a gefen hanya kuwa sai dai a gan ta a makare. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser suke ƙara fitilu a bamba ko a kan kariya. Sayen fitilar ba wuya, tana nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Wahalar tana wurin haɗa wayoyi, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci, domin aiki ne da ba ya fitowa fili kamar haske.

A fara da lissafi, ba shi da yawa. Yawancin waɗannan motoci suna aiki da bolt 12, ko da yake akwai wasu Land Cruiser na gas masu bolt 24, don haka a duba tukuna. In aka raba wat ɗin fitila da bolt, za a sami amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Ƙwai biyu na halojin masu wat 100 kowanne suna jan kusan amfiya 17. Doguwar fitilar LED mai wat 120 tana jan amfiya 10. Sai dai abin da aka buga a kwalin LED mai araha ba koyaushe yake gaskiya ba, an fi cika baki, kuma mita ce kaɗai ke raba gardama. Wannan adadi na amfiya shi ne zai faɗi kaurin waya, girman fis, da ko altaneta zai iya ɗaukar nauyin tare da fanka da iyakwandishan da sauran kayan da ke wuyansa.

Kuskuren da aka fi gani shi ne a feƙe wayar babbar fitila a ɗaura sabuwar a kanta, a naɗe da baƙin salatif, a ce an gama. Fitila za ta kama, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Amma waccan waya da makunninta an yi su ne daidai da ƙwai biyu masu wat 55 ko 60. An ɗora musu ninkin abin da aka ƙera su dominsa. Makunnin da ke jikin sitiyari yakan fara ɗumi, robarsa ta narke, wata rana a tsakiyar daji duk fitilun su ɗauke lokaci guda, tsohuwar da sabuwar.

Maganin wannan shi ne rile, ɗan baƙin akwatin nan mai ƙafafu huɗu ko biyar. Aikinsa shi ne ya bar ƙaramar wuta ta buɗe wa babba hanya. A ƙasansa akwai lambobi da aka gada daga tsarin Jamusawa, kuma kusan duk inda aka ƙera shi haka za a same su. Lamba 30 tana karɓar wuta kai tsaye daga batir. Lamba 87 tana miƙa ta ga fitila. Lamba 85 da 86 su ne na ɗan maganaɗisun da ke ciki, ɗaya zuwa makunni, ɗaya zuwa jikin mota. Wutar da ke bi ta makunnin ba ta kai ko rabin amfiya ɗaya ba, saboda haka siririyar waya ta isa ta shiga cikin mota, babbar wuta kuma ta tsaya a gaba, ta yi gajeriyar tafiya daga batir zuwa fitila. Rilen amfiya 30 ko 40 ya wadatar da fitilu biyu. A kafa shi ƙafafunsa na kallon ƙasa, don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wato fis. Mutane da yawa sun ɗauka fitila yake karewa, shi ya sa suke sa shi can kusa da ita ko a ƙarƙashin dashbod. Waya yake karewa. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take in wayar fozitif ta taɓa ƙarfe, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi wayar za ta yi jajir, robarta ta kama wuta, kusa da bututun mai. Duk tsawon wayar da ke tsakanin kan batir da fis ba ta da mai tsaro. Don haka a sa shi a bakin batir, kada tazarar ta wuce taƙi guda. A motar gari ana iya yin shekaru wayar ba ta goge ba. Motar daji kuwa kullum cikin jijjiga take, gargada tana girgiza komai, wayar da ke jingine da kaifin ƙarfe tana cin kanta a hankali har ranar da za ta huje. Rewayan kirki yana aikinsa ne da sanin cewa wannan rana za ta zo.

Girman fis ya ɗan ɗara abin da fitila ke ja, amma kada ya wuce abin da waya za ta iya ɗauka. Fitilar amfiya 10 a ba ta fis na 15, ta amfiya 17 a ba ta na 20 ko 25. Launinsu ma yana taimakawa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In fis yana yawan ƙonewa, yana faɗa maka akwai matsala a wani wuri ne. Abin takaici, al'adar wasu direbobi ita ce su cire shi su soka guntun waya ko takardar taba mai ƙyalli a gurbinsa. Wannan daidai yake da korar maigadi don ya cika ihun ɓarawo.

Sai kaurin waya. Siririyar waya mai murabba'in milimita 1, in ta yi tsawon mita 5 tana ɗauke da amfiya 17, za ta cinye kusan bolt ɗaya da rabi a hanya, ta mai da shi zafi. Ƙwan halojin ba ya jure wannan: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Mutum ya sayi fitila mai tsada ya sami hasken mai araha. Milimita 2.5 ta dace da fitilun bamba, na kan kariya da tafiyarsu ke da nisa a ba su milimita 4. A kuma kankare bakin wayar kafin a biya kuɗi. Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, tana da sauƙi a hannu, cikinta fari ne. Kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take iya ɗauka, kuma tana saurin karyewa a jijjiga.

Wayar negatif ma haka take buƙatar kauri, domin duk wutar da ta je sai ta dawo. A kankare fenti da tsatsa a ɗaure ta da noti a kan shasi ko jikin mota, a shafa giris. Kada a dogara da kariya ko bamba su mayar da wuta, fenti da roba sukan raba su da jikin motar. Sababbin motoci da yawa suna da 'yar na'urar auna wuta a kan negatif ɗin batir, kuma in aka ɗaura waya a kan batir kai tsaye an tsallake ta, kwamfutar mota ba za ta san da sabon nauyin ba. Duk inda waya za ta ratsa huji a ƙarfe a sa mata zoben roba, a zura ta cikin bututu, a ɗaure ta nesa da salansa da fanka. Murɗa waya da hannu a rufe da salatif ba ya daɗewa a zafinmu, gam ɗinsa narkewa yake ya kwance. A matse da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Kafin a taɓa komai kuma a cire negatif ɗin batir.

Ya kamata a ɗauki siginar rile daga wayar dogon haske, ta bi ta makunni, yadda da direba ya yi dim duk ƙarin fitilun za su mutu tare. A nan akwai wani tarko ga masu Toyota. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa, makunni yana yanke negatif ne maimakon fozitif, don haka rewayan da ya haɗa yadda ya saba yakan tarar fitila na kamawa lokacin da bai kamata ba. A irin wannan mota, 85 da 86 duka daga soket ɗin babbar fitila ake ɗauko su, bayan an gwada da mita.

Wurin da aka kafa fitila yana canza amfaninta. Ta kan kariya tana hango nesa, amma in an matso da ita gaba sosai haskenta yana dukan bonet ya dawo idon direba, kuma a cikin hazo ko ƙurar motar da ke gaba sai ta gina farin bango. Lokacin hunturu, fitila mai ruwan ɗorawa da aka kafa ƙasa-ƙasa a bamba ta fi farar nan mai shuɗi-shuɗi daɗin tuƙi. Mai tsallake rafi da damina ya nemi wadda aka rubuta wa IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Da an hau kwalta a kashe su gaba ɗaya. Direban tirelar da aka dallare wa ido ba ya ganin gefen hanyarsa na wasu daƙiƙoƙi, kuma a daidai lokacin ne motocin biyu suke giftawa.