Yoyon Fitsari: Abin da Ya Kamata Falke Ya Bari a Gida Kafin Ya Kama Hanya

Sau da yawa naƙuda kan kama mace alhali maigida yana kasuwar Pitoa ko ya ƙetara Mubi saro kaya, sai a yi ta jiran izininsa har a kwana a wuni. A cikin wannan jira ne cutar yoyon fitsari kan samu mata da dama a ƙauyukan Garwa.

Yadda abin yake, idan kan jariri ya tokare a ƙugu, sai ya danne mafitsara da ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɓurme, fitsari ya riƙa zuba ba dare ba rana. Galibi ma jaririn ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri da unguwarzoma ko wanzami kan yi shi ma yana jawo ta.

Akwai kuma abin da ake rainawa. Mafitsarar da ta cika tana tare wa jariri hanya, bayan haihuwa kuma tana hana mahaifa tsukewa, jini ya ɓalle. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke sa mai naƙuda ta riƙa fitsari kowane awa biyu zuwa huɗu. Kunya ce ke hana 'yar fari faɗa a gaban surukarta, to a tambaye ta. Idan maijego ta kai awa shida ba fitsari, a kai ta asibiti a sa mata roba.

Wadda ta fara yoyo kada a ce sai ta yi arba'in. Likita Kees Waaldijk, wanda ya daɗe yana aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, ya nuna cewa ƙaramar ɓula na iya warkewa da robar fitsari kaɗai idan an sa ta da wuri, ta yi makonni huɗu zuwa shida. Babba kuwa sai tiyata, kuma ana yin ta a Ngaundere.

Don haka Alhaji, kafin ka ɗaure kaya, bar kuɗin mota a hannun uwargida, ka kuma shaida wa mutanen gida cewa ka ba da izini tun yanzu. A 2015 aka fara sayar da takardar Chèque Santé a arewacin Kamaru kan sefa 6,000, ta ƙunshi awon ciki da haihuwa har da tiyata. A tambayi asibitin da ke kusa yadda ake yankarta a yau.