Kuɗin kaka da wa'adin Saudiyya: yadda ake shirya tafiyar maniyyatan Tasawa da Mayahi

A shekarar 2024 an yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga watan Yuni. A 2025 ta faɗo ranar 5 ga Yuni. Da yake lissafin wata ake bi, kowace shekara aikin hajji yakan matso da kwana goma ko sha ɗaya. Ga mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƴan shekarun nan hajji yana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da manomi ke duban gabas yana jiran ruwan shuka. Sai dai ainihin aikin kamfanin jigilar alhazai, wanda a nan aka fi sani da ajans, ya riga ya ƙare tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Abin da aka ƙulla ko aka kasa ƙullawa da hunturu shi mahajjaci zai tarar a Mina.

Kujerar hajji ba ta ajans ba ce. Tun 1988 ƙasashen musulmi suka amince da ƙa'idar bai wa kowace ƙasa kujera dubu ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya na musulminta, kuma kason Nijar a shekarun nan kujera 15,891 ne. Hukumar COHO mai kula da hajji da umara ce ke karɓar wannan kaso, ta tantance kamfanonin da suka cika sharuɗɗa, ta sanar da kuɗin kujera. Ajans kuwa ita ke neman maniyyata, ta haɗa takardunsu, ta yi musu bita, ta ba su jagora. Yawancin kamfanonin suna da mazauni a Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Mutumin Kanambakashe, Urafan ko Korgom bai cika ganin ofishinsu ba. Wanda yake gani shi ne wakili: wani malami ko alhaji ɗan kasuwa da ya sha zuwa, wanda ake damƙa wa kuɗi saboda an san shi an san gidansu.

Matsala ta farko takarda ce. Dattawa da dama a karkara ba su da takardar haihuwa, sai an je kotu an yi musu madadinta, sannan takardar shaidar ɗan ƙasa, kafin a kai ga fasfo. Sau da yawa sunan da ke kan wannan takarda yakan saɓa da na waccan: nan an rubuta sunan yanka, can an rubuta laƙabin da aka fi kiran mutum da shi. A da ana iya lallaɓawa. Yanzu da Saudiyya ta mayar da rajista, kwangilar masauki da biza kan intanet, ƙarƙashin tsarin Nusuk, harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum. Ga kuma allurar rigakafin sanƙarau, wadda tilas a yi ta aƙalla kwana goma kafin isa, da ta shawara, tun da Nijar na cikin ƙasashen da ake neman shaidar hakan daga gare su. Ajans mai sanin aikinta takan fara wannan zirga-zirga wata shida ko fiye kafin tashi.

Ta biyu ita ce kuɗi, kuma a nan ne lissafin Saudiyya da na manomi suke saɓawa. Bayan annobar korona kujera a Nijar ta haura miliyan uku na sefa. A ciki akwai kuɗin jirgi, masauki a Makka da Madina, tantin Mina da Arfa, abinci da motocin zirga-zirga. Akasarin waɗannan da riyal ko dala ake biyansu. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya. Don haka duk ranar da dala ta yi wa yuro nauyi, kujera ta ƙara tsada a Mayahi ko da otal ɗin Makka bai ƙara ko sisi ba.

Ban da tsada akwai wa'adi. Saudiyya ta daina jiran kowa. A hajjin 2025 ta sa tsakiyar watan Fabrairu a matsayin ƙarshen ƙulla kwangilar ayyuka, kuma dubun-dubatar maniyyatan Pakistan da suka bi ta kamfanoni masu zaman kansu sun rasa tafiya saboda ba a kammala biyan kuɗinsu kan lokaci ba. Ƙasar da ta riga biya ita ke samun tanti kusa da wurin jifa. Shi kuwa manomin Tasawa yakan so ya riƙe wakensa, gyaɗarsa ko ayarsa har bazara, lokacin da farashi ke tashi. Mai kiwon raguna ya fi shi shiga tsaka mai wuya, domin ragonsa ba ya yin daraja sosai sai ana gab da babbar salla, lokacin da alhazai sun riga sun sa harami. Ke nan dole ya sayar da wuri ya yi asarar riba, ko ya jira ya rasa kujera. Ajans da ta karɓi rabin kuɗi bisa alkawarin cikowa ita ma ta ɗauki kasada, don ba za ta iya biyan otal da alkawari ba.

Sai jiki. Daga Tasawa zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 800 a kan babbar hanya, kuma jinkirin jirgi na iya sa tsoho ya yi kwanaki a yashe kafin ya tashi. Can kuma tsakanin Makka da Madina akwai kimanin kilomita 450, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku a ƙafa, ga tattakin jifa na kwanaki a jere. A hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Shi ya sa bita ba ta tsaya ga koyon ɗawafi da talbiyya ba. Ya kamata mutum ya san amfanin katin Nusuk da ke rataye a wuyansa, ya san lambar tantinsa, ya saba da shan ruwa kafin ƙishi ya kama shi, ya taho da maganinsa na hawan jini ko na suga. Ya kamata kuma a raba ayari ƙungiya-ƙungiya, kowace da jagora mai jin Hausa da Larabci, mata kuma da mace jagora.

Cikin waɗanda suka rasu a 2024, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji. Sun shiga ne da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido, ba su da tanti, ba su da motar da za ta ɗauke su. Har yanzu akwai masu yawo ƙauyuka suna tallar irin wannan hanya da sunan sauƙi. Araha dai ba ta ado: a 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal dubu 20, ga kora da haramcin shiga ƙasar na shekara goma.

Ba Makka kaɗai ake zuwa a ayari ba. Ƴan Tijjaniyya sukan cika motoci zuwa maulidin Kiyota, kusa da Birnin Gaure a jihar Doso. Masu hali sukan wuce Madina Baye a Kaulaha ta Senegal, garin Shehu Ibrahim Inyas wanda ya rasu a 1975, ko Fas ta Maroko inda kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake. Wasu kuma hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato suke nufa. Waɗannan tafiye-tafiye ba su da wata hukuma irin COHO a kansu, zawiyya ko ƙungiya ce ke ɗaukar shatar mota. Don haka nauyin duba lafiyar motar, samar da direba na biyu, rubuta sunayen matafiya da tanadin wurin kwana duk yana wuyan mai shiryawa. Hanyar Senegal ta ƙasa kuma ta ratsa yankunan Burkina Faso da Mali masu fama da rashin tsaro, abin da ba ya halatta a ɓoye wa wanda ya biya kuɗinsa.

Kakanninmu da suka bi ta Barno, Darfur da Sawakin sukan yi shekaru a hanya, wasu ma suka zauna a Sudan, kamar mutanen Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ayarinsu yana da madugu wanda ya san rijiyoyi da zangon kwana, kuma yana cikin tafiyar da ransa. Mai ajans shi ne madugun yau, sai dai shi yana iya zama a ofis ayari ya tafi, don haka dole takarda ta tsaya a madadin idon da ake sa masa. Maniyyaci ya tabbatar kamfanin yana cikin jerin da COHO ta amince da su a wannan shekarar. Ya karɓi rasit mai hatimin kamfani, ba kalmar wakili kawai ba. Ya tambayi nisan masauki da Harami, ko hadaya na cikin kuɗin, da abin da za a mayar masa idan tafiya ta fasa.

Saɓanin kaka da wa'adi kuwa maganinsa ajiya ce. Malesiya ta kafa asusun Tabung Haji tun 1963, Najeriya ma ta buɗe nata asusun adashin gata na alhazai a 2020. Mutanen Tasawa da Mayahi sun daɗe da sanin adashe. Abin da ya rage shi ne amintaccen asusu inda manomi zai zuba kuɗin wake bana, na rago baɗi, har kujera ta cika ba tare da ya karyar da amfanin gonarsa ba.